Kawu da Gwangwanin Mu-Daɗe

Ranar Talata bayan La'asar aka yi wa Kawu salla, kafin Magariba mun baro shi a makwancinsa. Na Allah ne mu, kuma can muka nufa gaba ɗaya. A Riyad ba a rubuta suna a kan kabari, duwatsu biyu ne kawai, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Na tsaya ina ƙirga layuka don in gane wurin wata rana, sai hawaye suka rikita mini ƙirgan. Tunda ƙasa ba za ta riƙe sunansa ba, na ce bari takarda ta riƙe halinsa.

Kwana uku muka yi zaman makoki a ɗakinsa da ke unguwar Shifa. Ɗakin bai ɗauke mu ba, sai da muka shimfiɗa tabarmi har bakin matakala. Ni kaɗai ne ɗan ƙanwarsa na jini a ƙasar nan, amma kowa Kawu yake ce masa: magina 'yan Maraɗi, masu gadi 'yan Damagaram, 'yan'uwana direbobi na Kano da Katsina. Har wani Basudane mai kantin magani ya shigo yana share ido yana cewa "Kawu, Kawu," kamar shi ma ta wajen uwa suka haɗu.

A rana ta biyu wani mai gadi ɗan Damagaram ya zo. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ƙi tashi. Can ya zura hannu a aljihu ya fito da katin magani, kafso huɗu a ciki, sauran duk an ɓalle an sha.

"Saura kwana biyu in ƙarasa," in ji shi. "Yanzu wa zan kawo wa ɓawon?"

Wani ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Kowa ya ɗaga kai ya dubi saman kwaba, inda wani tsohon gwangwanin madara babba yake zaune. Babu Bahaushen Shifa da bai san gwangwanin nan ba.

Da yammar ranar Inna ta kira daga gida. Ita ce ƙanwar Kawu, ita ce autarsu, kuma ita ta haife ni. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta yi wa yayanta addu'a, sannan ta ja numfashi.

"Gwangwanin nan nasa na magani da ake faɗa," in ji ta, "a aiko mini. Yana da rai ya hana ni. In bai cika ba ka cika shi."

Na ce to, don ba a yi wa uwa musu a ranar da ta rasa yayanta. Amma abin da Kawu ya mutu yana tsoro ke nan: kada kafso ya kai ƙanwarsa inda magani ba zai ƙara kama ta ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane.

Kawu ya zo Riyad tun ina rarrafe. A wani ƙaramin asibitin unguwa ya samu aiki, irin wanda Larabawa ke cewa mustausaf. Da shara ya fara, daga baya ya koma dafa wa likitoci shayi. Da yake kunnensa ya kama Larabci da wuri, sai ya zama tafinta ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Duk Bahaushen da ya shigo yana nishi, Kawu za a kira daga bakin buta.

Maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda a gida muke cewa kafso ko ja-da-yalo, Larabawa mudad hayawi suke ce masa, a gajarce mudad. Kunnen Bahaushe kuwa ba ya barin baƙuwar kalma ta wuce bai ɗinka mata riga ba. Kawu ya ji mudad, ya ce ai mu daɗe ne. Sunan ya bi gari. Wa zai ƙi maganin da sunansa ma addu'a ce? A wancan lokacin ana sayensa ba sai da takardar likita ba, kuma al'adarmu ita ce in ka ji sauƙi ka tsaya, ka bar ragowar saboda ɗan'uwa. Muna ganin wannan zumunci ne. Ragowar kowa gwangwanin Kawu take shiga, duk wanda jikinsa ya motsa can zai je a ɗebo masa biyu ko uku.

Tsarabar gida ma ba ta cika sai da shi. Dabino, turare, sallaya, da mu-daɗe na Auta, haka Kawu ke kiran Inna. Ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, ta ce maganin ƙasa mai tsarki ba ɗaya yake da na kemis ba. Mura, mu-daɗe. Ciwon baya, mu-daɗe. Gajiyar biki, mu-daɗe. Har kajinta ta ɓare wa kafso a ruwan sha. Ɗaya take sha ko biyu, ta ƙulle sauran a bakin zane. Asibitin sha-ka-tafi na garinmu kuwa ta raina shi, domin a wurinta likitan da bai ba ka kafso ko allura ba, hira kawai kuka yi.

Abin da ya juya Kawu ƙusa ce. Abokin ɗakinsa, wani magini ɗan Maraɗi da suke ci a kwano ɗaya, ya taka ƙusa a wurin aiki. Kawu ya sauko da gwangwani. Yau ja-da-yalo, gobe wani fari, jibi wani shuɗi da wani ya rage. Har ɓare kafso yake yi yana barbaɗa garin a kan ciwon. Ƙafa ta lafa, aka daina. Ta sake tashi, aka sake. Wata biyu ana haka kafin aka kwashi mutumin zuwa babban asibiti, Kawu na biye a matsayin tafinta.

Likitar mace ce. Ta tambaya me ya sha, kuma wa ya ba shi. Kawu ya juya wa abokinsa tambayar da Hausa kamar yadda ya saba, sannan ya ga babu amfanin jiran amsa. Ya dubi likitar ya ce, "Ana." Wato ni ne.

Bayan gwaji ta ce ƙwayoyin cutar sun saba da magungunan, saboda an yi ta ba su ɗanɗano ba a kashe su ba. Abin da ya rage shi ne a yanke rabin ƙafar. Kawu ne ya faɗa wa abokinsa wannan da Hausa, da bakinsa. Magini mai rabin ƙafa kuwa ba ya hawa gini. Ya koma Maraɗi da sanda.

Kafin su bar asibitin Kawu ya tambayi likitar ma'anar sunan maganin. Ta ce mudad shi ne abin da ke gaba da wani abu, hayawi kuma mai rai. Ya sha ba ni labarin nan, kuma kullum a nan yake tsayawa ya girgiza kai.

"Ni ina cewa addu'a ce, ashe sunan makami ne. Shekara da shekaru ina raba wa mutane makami kamar alewa."

Ya juye gwangwanin kaf a gaban Basudane mai kantin magani, ya ce a zubar yadda ya dace. Amma bai yar da gwangwanin ba, aiki ya canza masa. Daga ranar, duk wanda likita ya rubuta wa mudad a gaban Kawu, to ya shiga uku. Sai ya sha har na ƙarshe, sannan ya kawo katin babu komai a ciki. Ɓawo Kawu ke ce masa, kamar na gyaɗa. Zai manna masa 'yar filasta, ya rubuta sunan mai shi da ajami, ya jefa a gwangwani.

Ba zan ce mutane sun ji daɗinsa ba. Kawu ya iya naci. Bayan sallar Juma'a, a harabar masallaci, zai tare ƙato mai gemu a gaban jama'a ya ce, "Ka ƙarasa?" In ka ce wallahi ka ƙarasa, sai ya miƙo tafin hannu. "Bar rantsuwa. Gani ya kori ji, kawo ɓawo." Akwai waɗanda suka canza ƙofar fita daga masallaci saboda shi. Da aka hana sayar da mudad sai da takardar likita, ya yi murna kamar shi aka yi wa doka, ko da yake mutanenmu sun koma ɗauko shi daga gida a cikin kuka da daddawa.

Na taɓa kai wani direba ɗan'uwana asibitin, mura ta sa shi gaba. Likita ya duba maƙogwaro, ya saurari ƙirji, ya ce, "Mafi mudad," wato babu mudad. Ya rubuta na zazzaɓi, ya ce a sha ruwa a huta. Mutumin ya harzuƙa.

"Kawu, gaya masa bai iya aiki ba. Na baro motar mutane na zo, ko allura babu? Mai kemis ɗin garinmu ya fi shi sau goma."

Likita ya tambaya me yake cewa. Kawu ko gezau, ya ce, "Yagul shukran, ya daktur." Wai ya ce ya gode.

Sannan ya ja mutumin zuwa lungunsa na shayi, ya haɗa masa mai citta da lemun tsami. "Mura ba ta jin kafso, ɗan nan. Kamar ka ɗauki adda ne ka sari hayaƙi. In ka kwana uku babu sauƙi, ko numfashi ya yi maka wuya, ni da kaina zan shigar da kai, kuma a ranar zan fassara zagin naka daidai." Mutumin ya fita yana dariya yana tari.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi. Tun ranar ƙusar nan bai ƙara aika wa Inna ko ƙwaya ɗaya ba, kuma kunya ta hana shi gaya mata dalili. Duk Juma'a sai ya kira ta, duk Juma'a kuma sai sun rabu baram-baram.

"Auta, ki bar shan abin nan barkatai. Ki je a duba ki tukuna."

"Yaya, kai da bakinka ka ce mu daɗe. Yanzu ba ka so in daɗe ke nan?"

Ta koma saye a kemis tana mita, wai na gida ba shi da albarka, wai Yaya ya yi arzikin magani ya koyi rowa. Labarin gwangwani ya kai mata, amma a ranta cike yake da kafso har baki.

A nan nawa laifin ya shigo. Ina tuƙi a wani gida a unguwar Nasiriyya, kuma uwar gidan takan ba ni ragowar magunguna in zubar. Da hutuna ya matso, Inna ta roƙe ni, sai na riƙa ware mata mudad ina tarawa a leda. Ana gobe zan tafi Kawu ya zo da dabinon da zan kai mata. Jakata a buɗe take, idonsa ya sauka a kan ledar.

"Wannan fa?"

"Saƙon Inna ne."

"Ɗan nan, da hannunka za ka kai wa ƙanwata wannan?"

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. "Kawu, uwata ce. Ta roƙe ni abu, in dubi idonta in ce babu? Kuma wa ya koya mata? Ba kai ba ne?"

Ya sake duban ledar. Sannan ya ce, "Ni ne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Ya ajiye dabinon a kan jakar ya fita. Bai ƙwace ledar ba. Na kai wa Inna, ta sa mini albarka har da guɗa, ni kuwa albarkar ta tsaya mini a wuya.

Na dawo na yi wata uku ina ɓuyar masa. Sai ciwon huhu ya kwantar da ni, na gaske, wanda likita ya ɗauki hoto ya gani. Aka rubuta mini mudad na kwana bakwai, safe da yamma. Basudanen ne ya tsegunta masa. Ina kwance bayan La'asar na ji sallama, sai ga Kawu da kunu a fulas da almakashi a aljihu. Bai ce mini sannu da ɓuya ba. Ya ɗauki katin maganin, ya yanko guda biyu ya ajiye mini, ya sa sauran a aljihunsa.

Haka ya yi ta yi kwana bakwai. Daga Shifa zuwa Nasiriyya ba kusa ba ne, ga zafin Riyad, ga gwiwoyinsa da suka fara ba shi wahala, amma kullum sai ya hau bas ya kawo mini na ranar. A kwana na uku na ce masa na warke, ya huta. Ya ce, "An kashe maciji ba a sare kansa ba." A kwana na bakwai ya tattara guntayen ɓawon, ya ɗaure su da roba, ya rubuta sunana. Na ce, "Kawu, ka yafe mini maganar nan." Ya ce, "Sha kununka kada ya huce." Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan rigimarmu ke nan. Har gobe in na tuna, godiya da kunya tare suke kama ni.

Zuciya ce ta kwantar da shi, kuma bai daɗe ba. Na je duba shi a asibiti, na same shi yana kallon silin.

"Garin nan kaf sun kawo mini ɓawo," in ji shi, "daga yaro har mai furfura. Ƙanwata ɗaya tal ta gagare ni. Kuma ni na ɓata ta."

Na ce Allah zai tashe shi ya gyara da kansa. Ya yi murmushi kawai. Bayan kwana biyu aka kira ni.

Da aka tashi daga makoki, mai gadin nan ɗan Damagaram ya dawo da katinsa fayau. Na rasa yadda zan yi, sai na sauko da gwangwanin don in saka masa. Cike yake maƙil, ɓawo kan ɓawo, kowanne da sunan mai shi. Ga nawa guntayen a ɗaure da roba. Da na juya murfin, sai na ga wata filasta manne a cikinsa, ta tsufa har ta yi ja. Kalma ɗaya ce a kanta da rubutun Kawu: Auta. Ya rubuta ya ajiye yana jiran ɓawon da bai taɓa zuwa ba.

Na nemi izinin babban ɗansa a gida, na ba wani direba mai tafiya hutu gwangwanin ya kai wa Inna. Ban ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan ne karo na farko da uwata ta sa ni abu na ƙi yi, kuma na yi kwanaki ina jiran saukar aradu.

Ta sauka kuwa. "Shara ka aiko mini? Yayana ya mutu, ni za a yi wa wasa da hankali?"

Na bar ta ta gama. Sannan na gaya mata kowane ɓawo mutum ne da ya sha maganinsa har ƙarshe. Na ba ta labarin ƙusa da ƙafar magini, wanda Kawu ya ɓoye mata shekaru. Na gaya mata ledar da na kai mata ma ban kyauta ba. A ƙarshe na ce, "Inna, ki duba cikin murfin." Inna ta yi makarantar allo, ta iya karanta ajami. Na ji ƙarar murfi, sannan ta kashe wayar. Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Wata huɗu bayan nan zazzaɓi da ciwon mara suka kwantar da ita. Ƙanwata da ke aure kusa da ita ta kai ta sha-ka-tafi. Maganin farko bai taɓa ciwon ba. Aka tura su birni aka yi gwajin fitsari, likita ya ce magungunan da aka saba bayarwa sun daina kama cutar da ke jikinta. Ya rubuta wani na kwana bakwai, ya ja musu kunne cewa waɗanda suka rage bayan wannan ba su da yawa. Abin da Kawu ya ji tsoro ya zo har bakin ƙofa, ni kuma ina nan da teku a tsakaninmu, ba ni da almakashi ba ni da bas.

Na riƙa kira safe da yamma. A kwana na uku muryarta ta dawo garau.

"Na warke sarai. Sauran nan in adana saboda gaba, ko? Magani mai ƙarfi haka ba a ɓarnatar da shi."

Ban san lokacin da na ce, "Inna, an kashe maciji ba a sare kansa ba."

"Au, kai ma ka zama Yaya?" Ta kashe wayar.

Ta daina ɗaukar kirana. Ƙanwata ta ce Inna ta karɓe maganin daga hannunta, ta ce ita ba yarinya ba ce, ba wanda zai tsare ta. Kwana huɗu ina tuƙi hankalina na gida, har na wuce kwanar makarantar yaran gidan sau biyu.

A kwana na takwas, na fito daga sallar Asuba, sai ga hoto daga wayar ƙanwata. Katin magani ne a kan tabarmar Inna, ramukansa duk a buɗe, babu ko ɗaya a ciki. An ɓamɓaro tsohuwar filastar nan daga murfi an manna masa, rubutun Kawu ɗoɗar a kai. A ƙasa akwai saƙon murya, gajere, daga Inna.

"In ka je wurin Yaya, ka gaya masa na ƙarasa."

Ranar Juma'a na je maƙabarta. An ƙara layuka da yawa, duwatsu duk iri ɗaya, na neme shi na rasa. Na tsaya inda zuciyata ta fi kwanciya, na yi wa mazauna wurin sallama gaba ɗaya. Na roƙi Allah Ya gafarta wa Kawu abin da ya raba cikin rashin sani, Ya saka masa da abin da ya tara bayan ya sani, Ya yalwata masa makwanci. Sannan na waiga, na ga babu kowa kusa, na ɗaga murya yadda yake ɗaga tasa a harabar masallaci.

"Kawu, Auta ta ƙarasa."